Alwalar Baffa

Shekarar da rijiyar unguwarmu a Sabon Birni ta koma ba da laka, ita ce shekarar da mijina ya shigo mana da shuka cikin tukunya. Shuka fa, ba hatsi ba! Mutane na tonon gidan tururuwa neman ƙwayar gero, shi ko Alhaji ya dawo fatauci daga Maraɗi rungume da ita kamar jinjiri. Ganyenta faffaɗa, yana ƙyalli kamar an shafa mai, ga jan fure guda a tsaye. Wai daga bakin teku aka kawo ta, ba ta son rana, sai inuwar ɗaki. Ya aje ta ƙarƙashin tagar turakarsa, kullum da safe yana goge mata ƙura da hannun rigarsa.

Ba a jima ba Baffa ya iso daga Turba. Ƙanen mahaifin Alhaji ne, shi ya riƙe shi da uban ya rasu. Fari ya cinye shanunsa, matarsa ta rasu, ɗiyansa sun bazu kudu. Buzu da buta kaɗai ya shigo da su. Munka share masa zaure, ba shi da wani wurin zuwa duk duniya.

Lokacin masu jakai ke kawo ruwa daga ramukan da ake tonawa cikin gulbi, kowa da rabonsa a gidan. Wata rana Alhaji ya ga Baffa na alwala a ƙofar zaure, ruwan na nutsewa cikin yashi. Sai ya ce, "Baffa, wanga ɓarna ce. Daga yau bisa tukunyar can za ka riƙa alwala, kowa ya amfani gidan da abin da yake da shi."

Tsoho mai ciwon gwiwa, kowace salla sai ya yi sallama ƙofar ɗakin ɗan da ya goya, ya jira izini, ya tsuguna gaban tukunya. Wanke ƙafa ne tashin hankalin. Sai ya dafa bango ya ɗaga ƙafa guda yana rawa, Alhaji na kishingiɗe yana cewa, "A hankali, kar ka karya mata ganye." Ran da ya faɗi ya fasa gwiwar hannu, shukar aka fara dubawa.

Sai ganye ya soma rawaya, furen ya sunkuya. Na shiga shara na ji ƙasar tukunyar na wari kamar kwata, na taɓa na ji ta jagab. Na ce, "Alhaji, ruwa ya yi wa abin nan yawa." Ya ce in yi masa shiru, shukar ƙasar ruwa ce, yaushe ruwa zai kashe ta? Ya sa Baffa ya ƙara da alwalar walha.

Ran da furen ya faɗi, abokan fataucin Alhaji na cikin zaure suna shan fura. A gabansu ya fito da shi a tafin hannu ya miƙa wa tsohon.

"Baffa, mi ke ga hannunka? Shanu sun mutu, mata ta mutu, gona ta ƙone. Yanzu gidana ka biyo?"

Manyan mutane da gemu, kowa ya sa ido cikin ƙwarya. Har yau ina jin haushinsu fiye da nasa.

Da la'asar Baffa ya naɗe buzunsa. Na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Baffa, ina za ka? Ba kowa Turba."

"Za ni dai, ɗiyata," in ji shi. "Can ba mai cewa na kashe masa komi."

Na cika masa butarsa da rabona, na ƙulla masa ɗan dawo a bakin rawani. Alhaji bai fito ba.

Shukar kuma, da Alhaji ya fid da rai ya daina kula ta, sai ƙasarta ta sha iska. Warin ya ɗauke, sabon ganye ya ɓullo, daga baya ga toho. Safiyar da ya buɗe, ja wur, wani mai raƙumi daga Isa ya yi sallama. Ya ce tun kwanaki aka tsinci gawar Baffa gindin aduwa kafin Turba, butarsa ba ko ɗigo. A gefensa akwai shatin tafin hannu biyu bisa yashi, ya yi taimama ke nan.

Aka shimfiɗa tabarmi, masu ta'aziyya sunka cika zaure. Ina cikin gida ina kuka na ji Alhaji na kiran su ɗaya bayan ɗaya zuwa turaka. Na leƙa. Ya ɗage labule yana nuna musu furen.

"Kun gani ko?" in ji shi. "Tun da ya bar gidan ta farfaɗo."