Inna Kar-a-Taɓa da Ƙofar Motar 'Yan Makaranta

Kafin a buɗe ofishin inshorar da take aiki, ita ta riga ta iso. Maigadi ne shaida. Takan zauna a bencin bakin ƙofa tana murza gwiwoyinta, jakarta a kan cinya, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da ke cikin jakar: kyamara, tef ɗin awo, guntun alli, da wani yankin kwali da take shimfiɗawa idan za ta durƙusa a kan kwalta. Aikinta shi ne ta je inda aka yi hatsari, ta duba, ta auna, ta ɗauki hoto, ta rubuta abin da idonta ya gani, don kamfani ya san inda laifi yake kafin ya biya diyya. Ba ta karyawa sai ta dawo daga fitar farko, domin ba ta san abin da za ta tarar ba. Duk daɗewarta a aikin, har yau idan wayar teburinta ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka. Tambayarta ta farko ita ce ko wani ya ji ciwo. Daga nan sai ta ce, “To, kar a taɓa komai, ga ni nan zuwa.” A nan direbobi suka samo sunan da suka laƙaba mata, Inna Kar-a-Taɓa.

Tana da dalilin nanata maganar, don Allah ya yi mu da ƙaiƙayin hannu. Da an yi karo, kafin hayaƙi ya lafa wani ya tura motar gefe, wata ta kawo tsintsiya, wani ya ciro abin da ya rage yana lilo, duk da sunan taimako. Sai mai motar ya wayi gari ba shi da hujja ko ɗaya sai rantsuwa.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Masu labarinta suna da yawa, daga masu tasi zuwa direbobin tirela, amma akwai wani direban motar 'yan makaranta da har yau bai daina ba da nasa ba.

Ƙaramar bas ce mai launin rawaya, tasa ta kansa, da ita yake ci da iyalinsa. Kullum da safe yana bin gidaje yana kwasar yara, da rana ya maido su. Ranar da abin ya faru ya riga ya sauke su, motar ba kowa sai shi. Yana wuce wata mahaɗar hanya kusa da kasuwa sai wata farar jif ta fito daga lungu ba ko birki, ta daki ƙofar da yaran ke shiga. Bas ɗin ta juya ta tsaya a bakin kwata. Bai ji ciwo ba, amma da ya waiwaya sai ya ga kujerar da ƙananan ke zama ta lanƙwashe.

Mai jif ɗin ya fito, babban mutum ne, da ganin suturarsa ka san ba a saba ce masa a'a ba. Tun kafin ya rufe ƙofa ya fara nuna direba da yatsa, wai shi ya shigo masa da gudu. Jama'a suka taru, hon ya cika wuri, wasu matasa suka tura motocin biyu gefe don a samu hanya. Direba yana tsaye yana kallo, bakinsa ya mutu, ko waya bai tuna ya fitar ya ɗauki hoto ba. Da ɗan sanda ya zo, ya saurari mai magana, ya dubi wanda ya kasa magana, sai ya karɓe lasisin direba ya ce a bar shi a wurinsa har a gano mai laifi. Idan laifin ya faɗa kansa, lasisi ya tafi. Ko da an maido masa wata rana, ya san babu uwar da za ta ƙara miƙa ɗanta ga mutumin da aka ce yana tuƙin ganganci.

Yayansa, mai gyaran jikin mota ne, shi ya zo ya ja bas ɗin zuwa garejinsa. Mutum ne mai son ƙaninsa, kuma bai yarda da inshora ko na sisin kwabo ba. Ya ce, “Waɗannan mutanen takarda kawai suka iya. Ka bar min ita, kafin iyayen yaran su gan ta a haka na miƙar da ƙofar.” Direba ya gyaɗa kai kawai. Sai washegari matarsa ta zaro takardun inshora daga ƙarƙashin katifa ta ce ya daure ya kira lambar da ke jiki.

Daga bakin garejin ya kira, kuma a daidai lokacin da aka ce masa kar a taɓa komai yana jiyo ƙarar gudumar yayansa.

Inna ta iso garejin a bayan babur, ta sauko da ƙyar. Ta tsaya gaban ƙofar motar tana dubawa. An buge rabin lotsewar, an bi wurin da samfefa, farin fentin jif ɗin da ya manne a jiki ya koma gari a ƙasa. Wannan fentin da wannan lotsewar su ne za su nuna wanda ya daki wani.

“Wa ya yi wannan aikin?”

Yayan ya ajiye guduma ya ce shi ne. Da ya fahimci ɓarnar da ya yi, sai ya waiga hagu da dama. Ya matso kusa ya rage murya. “Inna, abin ai mai sauƙi ne. Ni na fitar da lotsewar, ni zan mayar da ita. Ki ɗan zaga waje ki sha iska. Farin fenti ma ina da shi.”

Direba ya ɗago ya dube ta. Shi da kansa yake faɗa cewa a wannan lokacin babu abin da yake so a duniya kamar ta ce to. Ya ce, “Ki taimake ni, Inna. Wallahi ba ni na dake shi ba. Gaskiyar ce kawai za mu mayar inda take.”

Ta ce, “Ɗana, na yarda da kai. Amma bayana akwai wanda zai sake duba motar nan, kuma bugun guduma daban, bugun mota daban. Yau kai mai tsautsayi ne. Idan yayanka ya ɗaga gudumar nan, gobe sunanka maƙaryaci, ni ma haka, kuma daga nan ko ni ba zan iya fitar da kai ba.”

Ta ɗauki hoton ƙofar yadda ta same ta. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya ta cike takardar neman diyya tana karanta masa kowane layi, har inda ta rubuta cewa ɗan'uwansa ya fara gyara kafin a duba. Da ta miƙo masa biro ya sa hannu, ji ya yi kamar da kansa yake rufe wa kansa ƙofar kurkuku. Haka dai ya sa hannun.

Inna, ke ce wadda ba ta sayen hankalin mutum da ƙarya don ya daina kuka. Da kin zaga waje a ranar, da ya yi miki addu'a har gida, kin kuma san haka. Kika zaɓi ya tafi yana jin haushinki.

Amma ba ta bar shi a nan ba. Ta shimfiɗa kwalinta ta durƙusa, ta tattara garin fentin a takarda, ta cusa yatsu cikin robar ƙofar ta zaro wani ɗan tsinken gilashin fitila da gudumar ba ta kai gare shi ba. Sannan ta ce ya kai ta inda abin ya faru. Bai so komawa ba. Suna dosar mahaɗar ya ji ƙarar karon ta dawo masa sabuwa, duk motar da ta fito daga lungun sai ya zabura. Kwalta kuwa fes, an share, tayoyi sun bi ta kan komai.

Akwai wata mai sayar da lemo a bakin hanyar. Da ta ga kyamara sai ta kau da kai ta ce, “Ni ban ga komai ba, baiwar Allah. Ba ruwana da 'yan sanda, ina da yara ƙanana.” Inna ba ta matsa mata ba. Ta nemi izini ta zauna a inuwar lemarta don gwiwa ta dame ta, suka shiga hirar ciwon gwiwa da man da ake shafawa. Can sai matar ta ce ita dai share gilashin ta yi don kar yara su taka, yana nan cikin wani fasasshen bokiti a bayan teburinta. Ta tashi ta nuna da ƙafa inda ta sharo shi, a kan babban titi, ɓangaren da bas ɗin ke tafiya. Inna ta zana wurin da alli, ta ba direba bakin tef ya riƙe, motoci na wuce su da gudu tana durƙushe a tsakiyar hanya. Shi ne ya riƙa ɗaga wa motocin hannu, gabansa na faɗuwa duk lokacin da wata ta matso kusa da bayanta.

Saura hoton gaban jif ɗin. Gidan mai ita katanga ce doguwa, da karnuka a ciki. Direba ya tsaya a tsallaken titi, ko kusa bai iya zuwa ba. Yana jiyo muryar maigidan ta saman katanga, yana cewa ya san shugabanta, kuma kafin rana ta faɗi za ta nemi wani aikin. Yana kuma hango ta a bakin get, ta riƙe jakarta da hannu biyu. Tsoro take ji, ita ma ba ta taɓa musun haka ba. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne, “Ranka ya daɗe, hoto zan ɗauka in tafi. Idan gaskiya na wajenka, hoton nan kai zai taimaka.” Ta tsaya a rana har inuwar katangar ta iso inda take. Ko gajiya ya yi da ganinta, ko kunya ce ta kama shi, Allah masani, aka dai buɗe mata. A bambar jif ɗin akwai shafin rawaya, fitilar hagu kuma a fashe.

Ke ce mai tsayuwa a ƙofar da ba a son ganinki. Ba ɗanki ba ne, ba ki taɓa ganinsa ba kafin ranar, albashinki kuma ba zai ƙaru ba ko an wanke shi.

Sai jira. Direba ya koma gida ya zauna. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya ɗauka 'yan sanda ne. Da safe yana jin wata motar haya tana wucewa da yaran da ya saba ɗauka, yana gane muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, sai ya juya fuska bango. Yayansa ya daina zuwa gidan don kunya, sai dai ya aiko a tambayi lafiyarsu. Inna kuwa kullum tana kan hanya da fayil ɗinsa, daga teburin manajanta zuwa caji ofis, ana ce mata ta dawo gobe, tana dawowa.

Ranar da ta kira shi, sai da matarsa ta ɗauka ta kara masa a kunne. Ta ce an tabbatar jif ce ta dake shi, ya je ya karɓi lasisinsa. Kamfani zai gyara kujeru da ƙasan motar, amma ƙofar da aka taɓa ba za a biya ba, kuma ba ta ɓoye masa cewa layin da ta rubuta ne ya jawo hakan ba. Mai jif bai ba kowa haƙuri ba har yau. Yayan ne ya ƙarasa ƙofar da hannunsa, fentin ma bai zo daidai da na sauran jikin ba.

Safiyar da ya koma aiki, tsoron da ya ji ya fi na ranar hatsarin. Ya tsaya a gidan farko, ya kasa danna hon. Uwar ta fito riƙe da hannun 'yarta, ta tsaya tana kallon ƙofar nan mai launi daban. Ta ce, “A nan take zama, ko?” Ya ce e, a nan ne. Ta ce shugabar makaranta ta tara su, wata tsohuwa mai ɗingishi ta zo ta nuna musu hotuna, ta gaya musu komai, har da ɓarnar gudumar. “Da ta ɓoye wannan, da ban yarda da sauran ba.” Ta ɗaga yarinyar ta ɗora ta a kujera da kanta, ta ja ƙofar ta rufe.

Inna, mun gode. Mun gode da gwiwoyin da kika ƙarar a kan kwalta, da tsoron da kika riƙa haɗiyewa don wani ya samu barci. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ƙarar waya ta daina faɗar miki da gaba. Ku kuma matasan da za ku gaji teburinta, ku fita ku je wurin da ƙafarku, ku rubuta abin da kuka gani ko da mai kuka a gabanku ba zai so ba, sannan kar ku tafi ku bar shi da kukan. Mu masu hawa titi, idan tsautsayi ya faɗa mana, mu duba rai tukuna, mu ɗauki hoto, mu riƙe hannuwanmu da na 'yan'uwanmu.

Direban ba zai samu zuwa taron sallamarki ba, lokacin tashin makaranta ne. Ya roƙi a gaya miki cewa yaran duk sun dawo, wasu ma har da ƙannensu.