Ruwan zafin Tafadek da numfashina

Ana idar da sallar asuba muka bar Agadas, ni da yayata da wata maƙwabciyarmu, cikin kat-kat, motar shiga daji, ta wani shofer da ya saba kai mutane Tafadek. Yaya ce mai tafiyar, gwiwoyinta ke damunta, aka ce mata ruwan zafin can yana taimako. Ni na bi ta ne da nawa fata a ɓoye. Fuka, wadda likitoci ke kira asma, tana tare da ni tun ina budurwa, amma a ƴan shekarun nan ta ƙara ƙarfi, pompin da nake shaƙa ma ya fara yi mini rowa. Na ce ko tururin ruwan zai buɗe mini ƙirji.

Shofer ya dube mu mu uku, ya ba ni gidan gaba ni kaɗai, wai don girmamawa. Kowa ya san dalili, muka yi dariya. Ni mace ce mai jiki, kuma a unguwarmu wannan abin yabo ne.

Gudron hanyar Arlit, wato kwalta, sunansa kawai ya rage. Wani wuri shofer kan sauka gefe ya bi yashi, don ya fi santsi. Da muka bar babbar hanya sai duwatsun Abzin suka fara matsowa, baƙaƙe, da ƙoramai busassu a tsakaninsu. Mun tsaya wurin wasu mata masu sayar da cuku. Ya yi tsada bana, sun ce awaki ba su samu ciyawa ba, amma sabo ne. Da shi da dabino da shayin shofer muka karya kumallo a gindin wata ƙaya.

Tafadek ba gari ba ne sosai: rumfuna, masu jinya daga ko'ina, da ɗakin wanka da ake shiga bi da bi, maza daban mata daban. Yaya ta shiga ruwan tana ta hamdala. Ni kuwa ko zama ban gama yi ba, zafi da tururi suka rufe ni, ƙirjina ya ɗaure kamar an ja igiya. Na shaƙi pompi, na sake, ba wani sauƙi. Ina jin kukan numfashina da kunnena.

Wata tsohuwa ƴar Abzin da ban taɓa gani ba ita ta fara lura. Ta kama ni ta fitar da ni iska, ta zaunar da ni a miƙe, tana yi mini fifita da mayafinta. Hausarta kaɗan ce, kalma ɗaya take maimaitawa: sannu, sannu. Yaya ta fito da zane jiƙe tana kiran shofer. Mutumin nan ya bar abincinsa a kan wuta, ya ɗauke mu sai asibitin garin Cirozerin.

Ban tuna hanyar ba. Na dai tuna hannun Yaya a bayana, da dogon bututun tashar kuran, wato lantarki, inda ake ƙona gawayin ƙasa, wanda na hango daga nesa na san mun kusa. A asibiti aka sa mini abin shaƙa a hanci da baki, aka yi mini allura. Sannu a hankali iska ta fara shiga har ƙasa.

Likitar matashiya ce, mai magana a natse. Da na dawo hayyacina ta auna nauyina, ta tambayi yaushe ciwon ya fara tsananta. Muka lissafa tare, sai ga shi ya zo daidai da lokacin da na buɗe shago na daina yawo, jiki ya ƙaru.

Ta ce, "Hajiya, kitse ba kaya ba ne kawai da ake ɗauka. Yana sakin wasu abubuwa cikin jini da ke hana garkuwar jiki kwanciya. Kullum tana a tsaye kamar ana faɗa, sai hanyoyin iska su zauna a kumbure, magani ma ba ya kama su yadda ya kamata. Ga kuma nauyin da ke danne huhu."

Na ce, "To, sai na koma kamar sanda?"

Ta yi murmushi. "A'a. Ko kaɗan kika rage za ki ji bambanci. Amma kada ki bar magani, kuma tururi ba naki ba ne."

Ta rubuta mini wani pompi na kullum, ta ce in nemi likita a Agadas ya riƙa bibiyata. Yaya ita ce mai cika mini kwano tun muna yara. Sai ta ce, "Ashe ni ma da hannuna a ciki." Na ce mata hannun da ya riƙe ni a mota shi na sani.

Mun shigo Agadas da la'asar. Shofer ya kai mu har ƙofar gida, ya ƙi tafiya sai da ya ga na shiga da ƙafata. Tsohuwar nan ko sunanta ban tambaya ba, kullum tana cikin addu'ata.

Na je neman waraka a ruwa, na samo bayani a bakin mutum, kuma na ga yadda baƙi ke tsaya wa wanda ba su sani ba. Na rage soye-soye da sukarin shayi. Maigidana, da ya saba kai ni shago a kan moto, wato babur, yanzu ajiye shi yake mu taka tare. Jiya mun kai har kasuwa, muna tafe muna hira, kuma ni ce mai yawan maganar.