Kawu Ari da Man Kare Rana

Duk wanda ya taɓa raka Kawu Ari kasuwar Gure ya san ba a sauri da shi. Kowace bishiya sai ya tsaya, ya tsinki ganye, ya ɗaga wa rana yana kanne ido. "Wannan yini yake a rana bai ƙone ba," in ji shi. "Me ya sani da ban sani ba?" 

Dalili kuwa jikarsa ce Falmata, zabiya. Rana kaɗan fatarta ta yi ja ta ɗuri ruwa. Man kare rana da ake ba su a asibitin Damagaram ba ya isa, wani ma ƙaiƙayi yake sa ta. Sai Kawu ya rantse zai haɗa mata nasa daga itatuwa.

Kai, mun ga abu! Ya daka zogale da ɓawon aduwa, ya kwaɓa da man kaɗe, ya shafe hannun dama, ya bar na hagu, ya zauna a tsakar gida rana tsaka. Da la'asar ya kira ni.

"Ɗan nan, wanne ya fi baƙi?"

"Kawu, duka baƙi ne."

"Kafin in shafa fa?"

"Baƙi ne."

"To ka gani! Bai ɓata komai ba."

Har yau ban gane ko nasara muka yi ba.

Da ya lura fatarsa ba ta ba da labari, sai ya aske gefe ɗaya na farar akuyar matarsa Inna Hajara, ya lafta mata haɗin. Akuya ta juya ta lashe tas, ta biyo shi tana neman ƙari. Inna ta fito tana salati.

"Malam, me akuyata ta yi maka?"

"Shaida ta bayar, Hajara. Babu guba."

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ranar da man Falmata ya ƙare, uwarta ta ce, "Baba, ba ni naka in shafa mata." Kawu ya rungume ƙwaryar haɗin kamar za a ƙwace.

"Kul! Fatar Falmata ba wurin gwaji ba ce."

Ya hau mota zuwa Damagaram ya samo na asibiti. Da ya dawo ya ci gaba da daka.

A ciwonsa na ƙarshe hannu ya daina ɗaukar taɓarya, sai ya sa aka kawo masa kaba. Ya saƙa malafa mai faɗin faifai biyu. Na ce, "Haba Kawu, duk shekarun nan, ƙarshenta malafa?"

"Kaba ba itace ba ce?"

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗora wa yarinyar a kai, ya gyara mata igiyar a haɓa. "Ban samo ba, Falmata. Riƙe wannan kafin wani ya samo."

Ina kewar tsohon nan ƙwarai. Allah Ya jiƙan Kawu Ari, Ya sa shi a inuwa ranar da babu inuwa sai tasa.