Kason Wanzami

A shekarar da aka yanke mana layin waya, aka rufe kasuwannin mako daga Tsafe har Bungudu, ina koyarwa a Tsafe, iyalina suna Gusau. Manyanmu kuwa ba ta tamu suke ba. Sauya sheƙa ce a gabansu, yau suna wannan jam'iyya gobe suna waccan, mu kuma a kwaso mu a mota a kai filin taro mu yi tafi.

Abin da ya tsaya mini a rai a lokacin shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata. Wanzami ne a wani ƙauye bayan Bungudu, sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Duk namijin da ke garin shi ya yi masa askin suna, shi ya yi masa kaciya. Har rugagen Fulani da ke gefen rafi shi ke zuwa. A wajenmu kowane gida da wanzaminsa, ba a sauyawa, shi ma ba ya ƙin kira. In aka yanka ragon suna, cinya guda tasa ce. Kawu bai taɓa sa ta a buhu ba. A kan kekensa yake rataye ta a fili, don kowa ya san an yi haihuwa kuma an mutunta wanzami.

To, a wannan shekara zuwa ruga ya zama laifin kisa. 'Yan bindiga sun addabi garin, sun kwashi mutane a gona, sun kashe na kashewa. Samari suka zama 'yan sa-kai, kuma ban ga laifin fushinsu ba, don shugabansu da hannunsa ya ɗauko gawar wansa daga cikin gero. Sai wani mai neman kujera ya zo ya raba musu riguna da takalma, ya ce duk mai hulɗa da daji infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, kada su saurara masa. Daga ranar mai burodi ya zama abin zargi, mai sayar da magani ma haka. Wanda 'yan bindiga suka sako da ransa kuwa, sai ya yi bayanin dalilin da ya sa ba a kashe shi ba.

Na je takanas wata Asabar don in ɗauke shi. Na same shi a zaure yana wasa aska.

Na ce, “Kawu, ka taho Gusau ka zauna wurina har abin nan ya lafa. Ga ɗaki.”

Ya ce, “In yi mi Gusau? Can da inji aka yin aski.”

Na ce, “To ka daina zuwa ruga.”

Ya yi dariya har aska ta kusa suɓuce masa. “Ɗiyan ga kaka tsoro? Ba wanda ban riƙe ƙafatai shina kuka ba. Mi za su yi min?”

Raina ya ɓaci, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa kawu. Shi ko a jikinsa. Ya ma tsokane ni da cewa sumata ta yi yawa, in zauna ya rage mini. Na ƙi, na kama hanya.

Sauran labarin daga bakin Inna na ji shi, matarsa. Wani tsohon Bafulatani da bai gudu ba, wanda ko sanda da ƙyar yake riƙewa, ya aiko cewa an yi masa jika. Mahaifin Kawu ne ya yi wa wannan tsoho askin suna. Inna ta ɓoye zabirar, jakar askakensa, a cikin rumbu. Kawu ya nemo abarsa ya tafi. Ya aske jariri, aka ba shi cinyarsa, ya rataye ta inda ya saba. Da ya sa ta cikin riga da ya wuce shingen 'yan sa-kai na bakin gari lafiya, don gaishe shi ma suka fara yi. Sai ɗayansu ya ga nama. An rufe kasuwa, babu yanka a garin, ina tsoho ya samo cinyar rago? Suka tambaye shi, ya gaya musu gaskiya.

A filin kasuwar da aka rufe suka ɗaure shi, da rana tsaka. Mutane suka taru, duk da askinsa a kansu, babu wanda ya hana. Inna ta ce yana ta kiran yaran ɗaya bayan ɗaya da sunan da aka raɗa musu a gabansa, har muryarsa ta ɗauke. Da suka gama, suka hura wuta a wurin suka gasa cinyar suka cinye.

Ni ban sani ba sai bayan an binne shi, tunda babu waya. A tashar Gusau wani direba ya leƙo ta taga ya ce, “Malam, ba ka jiya ba? Sun gama da wanzaminku.” Ya ja motarsa don fasinja sun cika.

A zaman makoki yaran suka zo, suka zauna a tabarma, suka ɗaga hannu aka yi addu'a da su. Mai neman kujera shi ma ya zo da jerin motoci da mai ɗaukar hoto. Ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri, a kuma tuna da shi in lokaci ya yi. Na tsani mutumin nan, har yau ban daina ba.

Inna tana cikin takaba matar shugaban 'yan sa-kai ta haihu. Ina gidan lokacin da uwar shugaban ta shigo tana sunne kai. Ta ce sun samo wani almajirin wanzami daga Bungudu, amma ba shi da kayan aiki, ko za a ara musu zabira. Na miƙe zan yi magana, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta ɗauko zabirar ta buɗe. Gashin jaririn ruga yana nan manne a jikin askar, Kawu bai samu wanke ta ba. Ta miƙa mata a haka.

Ranar suna da yamma sai ga sallama a ƙofa. Sun aiko da cinyar rago, wai kason mai aska, kamar yadda aka saba.

Inna ta ce, “A rataye ta ƙofar gida. Hili, yadda shika yi.”

Na rataye ta da hannuna. Ƙofar gidan tana kan hanyar masallaci. Naman ya kumbura, ya yi tsutsa, warinsa ya cika layin. Dattawa da samari suna wucewa salla suna toshe hanci da bakin riga, kuma ba a sami mutum ɗaya da ya iya shigowa ya ce wa Inna a sauke ba.