Gwaggo da Motar Manaja

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, ta yi shekara ashirin da shida tana aikin sakatariya a wani kamfanin sayar da kayan gini. Teburinta na jikin taga, tagar kuma na kallon rumfar da ake ajiye motar manaja. Ranar da aka kawo motar sabuwa fil, kujerunta da leda, Gwaggo ce ta buga takardar karɓarta a tafireta. Baƙa ce doguwa, mai faɗin gaba da kujerun fata. In ta karyo kwana, maigadi kan miƙe tun kafin a yi masa hon.

Manajoji uku suka hau ta. Shekarar da Gwaggo za ta yi ritaya, kamfanin ya sa tsofaffin motocinsa a kasuwa, aka ce ma'aikata su fara zaɓa. Kowa ya yi rububin ƙananan masu shan mai kaɗan. Babbar kuwa ba wanda ya kalle ta, don ta shekara goma sha biyar, kuma kowa ya san cikinta ba ya ƙoshi. Gwaggo ta rubuta sunanta a kanta, alhali ko sitiyari ba ta taɓa riƙewa ba.

Baba ya yi faɗa har ya gaji. Ya ce mai son kiwon giwa sai ya fara mallakar daji, ita kuwa ko ƙofar gidanta ba za ta ci motar ba. Gwaggo ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Yaya, shekara goma sha biyar ina kallonta ta taga. Bar ni in ga yadda ake ganin gari daga cikinta."

Maganar ƙofa dai gaskiyar Baba ce, sai da magini ya fasa katanga ya ƙara faɗinta. Gwaggo ta shiga makarantar koyon tuƙi tana da shekara hamsin da takwas, ta samu lasin a gwaji na uku. Da yake gajera ce, sai ta ɗora matashin kai a kan kujera, duk da haka in ta taho ɗaurin ɗankwalinta kawai ake hangowa a saman sitiyari. Mutanen layinmu suka sa wa motar suna Manaja. In ta fito sai ka ji masu shago na cewa a ba da hanya, Manaja zai wuce.

Ba a yi wata uku ba Manaja ya fara nuna shekarunsa. Gilashin ɓangaren direba ya sauka ya ƙi hawa, ana tsakar ruwan sama. Lagireto ya fara yoyo. Wata safiya muka tarar bayan motar ya durƙusa kamar mai gaida surukai. Bakanike biyu suka yi ta lalube, kowa ya canza abin da ya ga dama, ciwon na nan. Daga baya aka kwatanta mata wani dattijo da ya taɓa aiki a garejin kamfaninsu, ana ce masa Mai Tabarau. Shi ba ya gaggawar kwance komai. Yakan ɗora dogon sukudireba a jikin inji, ya kara kunnensa a marikin, ya saurara kamar likita.

A wurinsa Gwaggo ta zama ɗaliba. Ta zaro littafin motar daga aljihun gaba ta karance shi tas, kamar yadda ta saba bin wasiƙa layi-layi tana neman kuskure. In an kai gyara ba ta tafiya. Takan zauna a benci da mayafinta, ta ce a nuna mata abin da aka cire da wanda za a sa. Kowace Asabar da safe ta buɗe bonet ta duba baƙin mai da ruwa, ta zagaya tayoyi, ta shafa wa kujeru mai kada fatar ta tsage. A but ɗinta kullum akwai jarkar ruwa, da bel ɗin fanka, da igiya. Mu 'ya'yan 'yan'uwanta kuwa duk mun iya turi, ni har da kwalliyata na taɓa tura ta a bakin kasuwa, Gwaggo na ciki tana ba da umarni.

A shekara ta huɗu da sayen motar, ta fito daga asibiti inda ake duba mata hawan jini, sai ta hango wani tsoho da sanda yana jiran tasi cikin rana. Manajanta na farko ne, wanda aka sayo motar dominsa. Mutum ne mai tsanani, ya taɓa sa ta sake buga wasiƙa sau huɗu saboda waƙafi ɗaya. Ta tsaya a gabansa. Motar ya fara ganewa kafin ya gane ta. Ya nufi ƙofar baya bisa sabo, har ya kama mariƙi, sai kunya ta kama shi ya saki.

"Yallaɓai, zauna inda ka saba," in ji Gwaggo.

"A'a, Malama," ya ce. "Yau ke ce mai mota."

Ya shiga gaba. Suna tafe yana shafa katakon da ke gaban motar, yana tambayar lafiyar kowane abu kamar mai tambayar iyali. Can ya lura da matashin da take zaune a kai, ya tambayi dalili. Da ta faɗa masa, ya ce ta tsaya a gefe, ta kai hannu ƙarƙashin kujerar ta hagu, akwai wani ɗan maɓalli da ya shige ciki. Ta danna, kujera ta ɗaga da ita a hankali har ta ga ƙarshen bonet, abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta fara tuƙi. Ashe shafin da ya yi bayaninsa ya yage daga littafin. Gwaggo ta ce sun yi dariya har hawaye, kuma ranar ce ta fara ganin haƙoran mutumin.

Da yake shi ma can yake ganin likita, tun daga nan ta daidaita ranar asibitinta da tasa. Duk wata ta biya ta ɗauke shi, ta mayar da shi gida, har shekara biyu, lokacin da Allah ya yi masa rasuwa.

Yanzu kayan gyaran irin wannan mota sun yi wuya. Bara Mai Tabarau ya gano wata irinta da ta mutu a bayan gidan wani, Gwaggo ta saye ta aka jawo ta gareji, ana cirar abin da ake bukata a jikinta. Wannan makon famfon ruwa ake cirowa, don haka tasi take hawa. Jiya ta dawo tana ba ni labarin yadda ta sa direban ya tsaya ya duba baƙin mansa, don ta ji ƙarar injin ba ta yi mata ba. Ya duba, ya tarar saura kaɗan ya ƙafe.