Gadar Karan da Ta Ƙi Karyewa

Har gobe ban manta da ranar da hedimastanmu, Alhaji Mamman, ya tattare babbar riga ya hau kan gadar karan dawa da tumbinsa da komai, gadar ba ta ko motsa ba. Ku ƙananan malamai da kuke yawan tambayata yadda aka yi ake ce mini Malam Injiniya, alhali takardar koyarwa kaɗai gare ni, to daga ranar sunan ya samo asali.

A lokacin ina riƙe da aji biyar a wata firamare da ke wani ƙauye a gefen Kankia, irin ƙauyen da in damina ta sauka sai babur ke shigarsa. Wata ƙungiya ta zo da shirin koya wa yaran firamare tunanin injiniyoyi, aka zaɓi 'yan makarantu daga Kankia da Kusada, aka ce kowace ta turo malami ɗaya bita. Ni aka tura. Ba don na fi kowa kai ba, sai don labari ya riga ya iso cewa bitar babu alawus.

Wadda ta koyar da mu wata injiniya ce, Madam Ngozi. A Kankia aka haife ta, mahaifinta yana sayar da kayan gyaran mota a bakin titi, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Abin da ta yi ta nanata mana guda ne. Yara su gina abu da hannunsu, su yi ta ɗora masa nauyi har ya karye, su duba inda ya karye, su yi tunanin dalili, sannan su sake ginawa. Ta ce, "Malamai, karyewar ita ce darasin. In abu bai karye ba, yaro bai koyi komai ba."

Da na dawo sai aka rasa inda za a sa darasin a jadawali, in ban da lokacin aikin hannu, wato darasin ƙarshe na ranar Alhamis. Ga wanda bai san aikin hannu irin namu ba, ga yadda yake: yaro zai karɓo kuɗi a gida, ya je kasuwa ya sayo tsintsiya ko mafici, ya kawo wa malami, malami ya yaba da gwanintarsa ya ba shi maki. Tsintsiyar kuma ta san hanyar gidajen malamai. Don haka Alhaji Mamman bai ji daɗin roƙona ba. Da ƙyar ya ce ya ba ni aron lokacin zuwa ranar da masu shirin za su zo duba aiki. In sun yaba, darasi ya zauna. In an ji kunya, a koma ga tsintsiya.

An gama girbi, kara ko'ina. Muka yanka tsohon tiyub ya zama robar ɗauri. Mukan jera benci biyu da tazara a tsakani, yara su ɗaura gada daga wannan zuwa wancan, mu rataya bokiti a tsakiya, a yi ta zuba yashi da gwangwani. In gadar ta yi ƙara ta karye, sai aji ya ɗauki sowa, kowa ya ruga ya ga inda ta tsage.

Na daɗe ina koyarwa, amma ban taɓa ganin abin da na gani a wannan zangon ba. Yaran da sai an ɗaga bulala suke buɗe baki suka koma gardama a kan wurin ɗaura kara. Akwai wata yarinya, Rabi, mai zama can baya, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai. Ita ta fara lura cewa in an ɗaura kara huɗu kamar ƙofa, da an taɓa sai su karkace, amma in an gitta wani karan daga kusurwa zuwa kusurwa sai su tsaya cak. Ba ni na gaya mata ba. Gadarta ce ta yi ta karyewa har ta gano. Ranar na koma gida da farin ciki kamar an yi mini ƙarin girma, darasin nan ya shiga raina ba kaɗan ba.

Sai sanarwa ta zo cewa baƙi za su zo ranar Talata, kuma a makarantarmu za a haɗu da wata makaranta daga ɓangaren Kusada, kowa ya nuna gadarsa. Kun san abin da ake yi in baƙi za su zo. Aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. Aka aro benci daga Islamiyya. Aka aika gida-gida a kira yaran da rabon su da makaranta tun kafin shuka, masu yunifom a gaba, marasa shi a baya inda hoto ba ya kaiwa. A cikin wannan hidima ne hedimasta ya leƙo ajina ranar Alhamis, karo na farko, daidai lokacin da wata gada ta karye yara suna tsalle.

Ya jawo ni waje. "Malam Lawal, murnar mi suke yi?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ta karye ne."

"Na ga ta karye. Shi ya sa nake tambaya."

Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya saurara yana kaɗa kai kamar mai jin ta'aziyya. Daga ƙarshe ya ce wace gada za a nuna wa baƙi. Na nuna masa ta rukunin su Rabi, wadda suka gama ba a gwada ba. Ya ce a kai ta ofishinsa a kulle, kada awaki su cinye ta kafin Talata. Na gode masa ƙwarai, domin awakin garin nan sun taɓa cinye mana taswirar Najeriya.

Ranar Talata da safe na aiki manyan yara biyu su ɗauko gadar. Na hango su suna tafe suna nishi, suna sauke ta suna hutawa. Gadar da Rabi ke ɗauka da hannu ɗaya. Na je na kama gefe guda, nauyi ya ja hannuna ƙasa. Fasalin dai na su Rabi ne, har da gitte-gitten. Amma da na ɗan ɗaga roba na leƙa, sai ga rodi. An kai wa Sale mai walda a Kankia ya ƙera irinta da ƙarfe, sannan an tsaga kara an kwashe totuwa an lulluɓe, an naɗe da roba. Gaskiya aikin ya yi kyau.

Na sami hedimasta yana duba jeren kujeru. Kafin in buɗe baki ya ce, "Na ɗan taimaka mata ne."

"Ranka shi daɗe, ai so ake ta karye."

"A gaban mai gari? A gaban baƙin da suka taso tun daga Katsina? Kai ka taɓa ganin an kai amarya da fasasshiyar tukunya?" Ya gyara hula. "Kai yaro ne a aikin ga. Baƙo ba ya zuwa don ya ga yadda kuke koyo, zuwa yake ya ga kun iya. In kana son Alhamis ɗinka, tahi ka jera yaranka."

Ina son Alhamis ɗina. Na tafi na jera yara.

Mutanen Kusada aka fara kira. Gadarsu ta kara ce tsantsa, an ɗaura ta da kyau. Aka yi ta zuba yashi, bokiti ya kusa cika, sai ta lanƙwasa ta karye. Wani yaro ya durƙusa ya ɗauki karyayyen wurin, ya fara bayanin cewa ƙasan ne ya fara tsagewa. Madam Ngozi ta matso tana saurare. Amma 'yan kallo sun riga sun ce "ayya", mai lasifika kuma ya ce kada yara su damu, faɗuwar yau tashin gobe, Allah Ya ba da sa'a wani jiƙon. Malaminsu ya kwashe karansa ya koma gefe kamar wanda aka kama da kayan sata.

Aka ɗora tamu. Rabi ce aka shirya za ta nuna inda ta karye ta faɗi dalili, ta kuma riga ta gaya mini inda take zato, wani ɗauri na kusa da tsakiya da bai gamshe ta ba. Aka zuba yashi har bokiti ya cika. Aka ƙaro wani bokitin. Aka ɗora bulo, aka ƙara bulo. Rabi ta tsura wa ɗaurin nan ido, ta matsa kusa, ta leƙa ƙasa, ta ɗago ta dube ni. Ni kuwa na ga ba lokacin da ya fi dacewa in ƙare wa bishiyar bedin makaranta kallo irin wannan.

Da tafi ya yi yawa sai abin ya hau kan Alhaji Mamman. Ya ce a sauke bulo. Ya cire takalmi, ya tattare riga, malamai biyu suka riƙe shi, ya hau ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hannu. Wuri ya kaure. Mai gari ya karɓi lasifika ya ce shi dama ya san dawar ƙasarsa ba irin ta ko'ina ba ce, ya kuma roƙi a ba yaran dama su duba kwalbatin da ruwa ke cinyewa duk shekara a hanyar Kankia.

Madam Ngozi ba ta tafa ba. Da hedimasta ya sauka ta zo ta kama gefen gadar ta ɗan ɗaga, ta ajiye. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"Malam Lawal, wace irin dawa kuke shukawa a nan?"

Na ce, "Irin hedimasta ce, Madam."

Ta dubi shugaban ƙungiyarsu da suka zo tare, wanda ke rungume da Alhaji Mamman ana ɗaukarsu hoto. Ta dubi mai gari. Sannan ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ni ma rahoto ake jira in kai."

Haka muka zo na ɗaya. Hedimasta da kansa ya rubuta darasin a jadawali, ya kuma raɗa mini Malam Injiniya a gaban taron malamai. Makarantar Kusada kuwa na ji an ce an cire ta daga shirin, wai malaminsu bai fahimci bita ba.

Ranar Alhamis na shiga aji da damin kara, raina fes, tunda yanzu ba mai karɓe mini lokacin. Na zube kara, na ce kowane rukuni ya ɗiba. Ba wanda ya yi gaggawa. Yara ba a ɓoye musu komai, tun a daren Talata duk garin yara ya san abin da ke cikin gadar. Na ce, "Yau za mu yi wadda ta fi ta baya ƙarfi. Wa zai gaya mani ta ina za mu fara?"

Rabi ta ɗaga hannu. Ba da rashin kunya ta yi tambayar ba, so take ta san aikin da aka sa ta.

"Malam, wace iri za mu yi? Ta koyo, ko ta baƙi?"

Na tsaya da kara a hannu. Wani yaro daga bayan aji ya ce in ta baƙi ce shi ya san shagon Sale. Ba wanda ya yi dariya, shawara ya kawo. Na ci gaba da darasin shekaru bayan haka, gadoji sun karye da yawa, amma ban sake jin irin sowar nan ba. Sun riga sun gane cewa wadda ke karyewa wasa ce, ta gaske ita ce wadda ake yi wa tafi.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu yaro ba ya ɗaukar abin da ka koya masa zango guda kamar yadda yake ɗaukar abin da ya ga ka yi ranar baƙi. Shi ya sa yanzu in na wuce kwalbatin da aka yi bikin buɗewa da rani ya rufta da damina, ba na saurin zagin ɗan kwangila. Nakan tsaya ne in yi tunanin ko a ajin wa ya zauna.