Hannun Doña Herlinda

A garinmu Ures, da hannun mace ake auna tortiya, siririyar gurasarmu mai faɗi. Goggona Doña Herlinda takan ɗauki curin kwaɓin fulawa da kitsen shanu, ta yi ta jefa shi daga wannan damtse zuwa wancan, har ya miƙe tun daga yatsu zuwa hammata. Kafin ta shimfiɗa tortiyar a kan kasko sai ta ɗaga ta saitin rana. In ba ta hango hasken rana ta cikinta ba, karnuka sun samu rabonsu. Tun ina yarinya nake kallonta, ban taɓa ƙoshi ba.

Rumfarta na bakin titi, direbobin manyan motoci ne mutanenta. Takan naɗe musu wake da dakakken busasshen nama a ciki, su ci suna santi, ita kuwa tana yi musu faɗa kamar ita ta haife su.

Da sanyin ƙashi ya kama ta, yatsun suka kanannaɗe, curin ya daina jin maganarta. 'Yarta Maribel, wadda tun farko ba ta yarda ta koya ba, ta sayo tortiyoyin kanti a cikin leda, masu kauri kamar tafin takalmi.

"Inna, ki ɗumama su a kasko mu jefar da ledar. Wa zai gane?"

"Ni zan gane. Gobe kuma a ce Herlinda ce ta yi wannan abin?"

Ta yarda ta sayar da su, amma ta sa aka kafe ledar da ƙusa a jikin ginshiƙin rumfar, inda kowa zai gani. Ta gwammace mutane su watse da a ɓata sunan hannunta. Wasu kuwa sun watse. Ranar na ji tausayinta, na kuma ƙara ganin girmanta.

Wata rana da hantsi Chalo, wani ƙaton direba da ya daɗe yana ci a wurinta, ya tsaya yana hararar ledar.

"Doña, wannan kuma tutar wace ƙasa ce?"

"Ta ƙasar ragwaye. Ci ka ba ni wuri."

"Wallahi ba na ci. Gara in tauna tayar motata."

"To, ga fulawa, ga kasko. Wannan dogon hannun naka na ado ne?"

Muka kwashe da dariya, don a nan namiji ba ya wannan aikin. Chalo bai yi dariya ba. Ya naɗe hannun riga, ya wanke har kafaɗa. Tana tsaye a bayansa tana cewa, "A hankali, sakarai, ba birki kake ja ba!"

Ta farko ta fito a karkace, da ɓula a tsakiya. Goggo ta karɓa da yatsun nan nata, ta ɗaga ta sama, ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Ana dai ganin rana," in ji ta. "Gobe ka zo da wuri."